Yadda za ka gane allolin mutuwa na tsohuwar Masar daga kallon hoto kawai

Akwai wani hoto da kusan kowa ya taɓa cin karo da shi ko da bai san sunansa ba, wanda za ka ga wani mai jikin mutum da kan dila baƙi ƙirin ya durƙusa a gindin sikeli, ga zuciya a faranti ɗaya ga gashin tsuntsu a ɗayan, can gefe kuma wata halitta mai bakin kada ta zauna ta zuba ido tana jira. Yawancin mutane sai su ce ai Anubis ne allan mutuwa, shikenan su wuce abinsu. Toh a zancen mutanen Masar ɗin ba shi bane ma mai gidan, Osiris ne mai gidan, shi ma'aikaci ne kawai a wajen. Abun da nake so in nuna maka shine yadda za ka zauna da irin hoton nan ka karanta shi kamar wasiƙa, ka san wane ne wane da aikin da ya kawo shi wajen, ba sai ka haddace sunaye ɗari ba. Tarihi muke karantawa fa, abun da wasu mutane suka yi imani da shi sama da shekara 3,000 da suka wuce, kada wani ya ce na kawo masa sabon abu.

Ka fara da samo hoton da za ka yi aiki da shi, don karatun nan ba ya shiga da baki kawai. Ni shawarata ka nemi na wani mutum da ake kira Hunefer, magatakardan Fir'auna Seti na ɗaya ne, takardarsa ta fafirus, wato ciyawar da suke yin takarda da ita, an yi ta wajajen shekara ta 1275 kafin Miladiyya kuma yanzu tana Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan. In ka rubuta sunansa a Google zai fito maka nan take. Na biyu shine na Ani, shi ma magatakarda ne, tasa takardar ta kai wajen mita 24 a tsayi, wani Bature Wallis Budge ne ya saye ta a Masar a 1888 ya kai ta Landan aka yanyanka ta gida 37, abun takaici wallahi amma haka suka yi. Na Hunefer ya fi sauƙi ga mai koyo saboda komai a jere yake babu cunkoso. Duka biyun daga abun da ake kira Littafin Matattu suke, sunan da wani Bajamushe Lepsius ya laƙaba masa a 1842, su masu abun kam suna ce masa maganganun fitowa da rana ne, kaga tun daga sunan ma ba mutuwar ce ta dame su ba, fitowa ce.

Kafin ka nemi kowane alla, nemo mamacin

Shi ne mai kan mutum na yau da kullum, da fararen kaya na lilin masu tattara, babu kambi babu sandar mulki. Da ka same shi sai ka duba inda ya fuskanta, don nan tafiyar ta nufa, a na Hunefer daga hagu ne zuwa dama. Kuma kada ya ruɗe ka in ka gan shi sau biyu ko uku a hoto ɗaya, ba 'yan uku bane, mutum ɗaya ne a lokuta daban daban, kamar dai littafin zanen barkwanci da ba a ja masa layi ba. Hunefer ya fito sau uku: a sama ya durƙusa gaban jerin alloli 14, a ƙasa ta hagu an riƙo hannunsa ana shigo da shi, sannan ta dama ana gabatar da shi bayan an gama awo. Anubis ma sau biyu ya fito a wannan hoton.

Ƙa'idar da za ta ɗauke maka rabin wahala ita ce ka kalli abu uku a kan kowa, kansa ko abun da ke bisa kansa, abun da ke hannunsa, da inda ya tsaya. Fuska ba ta da wani amfani, masu zanen nan fuska iri ɗaya suke yi wa kusan kowa.

Mu fara da mai kan dilan tunda shi kowa ya sani. Anubis sunan da Girkawa suka kira shi ne, a yaren Masar Infu ne ko Anfu. Aikinsa biyu ne, gyaran gawa da rakiya, a wajen awon kuma shi ne mai duba sikeli, in ka zuƙo hoton za ka ga hannunsa a kan ɗan ƙarfen da ke reto a tsakiya yana tabbatar da ba a yi maguɗi ba. Baƙin nan nasa ba alamar mugunta bace, su a wajensu baƙi launin ƙasar noma ce wadda kogin Nilu ke bari bayan ambaliya, wato launin abun da zai tsiro, kuma haka gawa take rinewa bayan an gama gyara ta. Dila kuwa an fi danganta shi da cewa su ne ke yawo a bakin hamada inda maƙabartu suke suna tono, sai aka mai da ɓarawon ya koma maigadi. In ka ga gado mai siffar zaki da gawa a naɗe a kai da wani ya sunkuya kanta, Anubis ne ba tantama, mafi kyawun irinsa yana cikin kabarin wani magini Sennejem a Deir el-Medina kusa da Luksor. Amma ka lura, in ka ga dila tsaye da ƙafa huɗu a kan wani dogon sanda kamar tuta, kuma ba lallai baƙi ba, wannan Wefwawet ne mai buɗe hanyoyi, mutane da yawa suna haɗa su.

Yanzu sikelin kansa, nan ne ya kamata ka daɗe. Abun da ke farantin hagu mai kama da ƙaramar tukunya mai kunnuwa zuciya ce, haka suke zana ta. Su a zuciya suka ɗora hankali da tunani da duk abun da mutum ya aikata, shi ya sa lokacin gyaran gawa ake zaƙulo ƙwaƙwalwa ta hanci a watsar amma zuciya a bar ta a ƙirji. Gashin da ke ɗaya farantin na jimina ne, shi ne alamar Ma'at. Ita Ma'at kalma ce kafin ta zama mace a zane, ta haɗa gaskiya da adalci da tsarin da duniya ke tafiya a kai, rana ta fito kogi ya kawo ruwa kowa ya tsaya a matsayinsa. In ka ga mace da gashin jimina ɗaya tak a tsaye bisa kanta ita ce, a hoton Hunefer ƙaramin kanta ne a saman sandar sikelin. Namiji da irin gashin nan kuma Shu ne, wani daban.

Kuskuren da kusan kowa ke yi anan shine a ɗauka ana so zuciyar ta yi nauyi ta rinjayi ɗaya ɓangaren, wai aikin kirki ya yi yawa. A'a. So ake su yi daidai wa daida, faranti biyun su tsaya cak. Kuma ka duba da kyau, a na Hunefer daidai suke, a na Ani ma daidai suke, duk wanda za ka buɗe cikin irin takardun nan haka za ka tarar. Ba wai dukkansu mutanen kirki bane, takardar kuɗi aka biya aka yi ta, kuma a tunaninsu abun da aka zana aka rubuta yana da ƙarfin zama gaskiya, toh wa zai biya kuɗi a zana shi ya faɗi? Wannan ita ce maganar da in ka riƙe ta sauran duk za su warware maka, hoton ba rahoton abun da ya faru bane, kayan aiki ne da aka sa wa mamaci a kabari don abun ya faru haka.

Har wata dabara suka ƙara saboda tsoron kada zuciyar ta tona asiri. Ana sassaƙa buzuzu da koren dutse a ɗora a ƙirjin gawa, a bayansa a rubuta abun da masana yanzu suka sa wa lamba 30B, inda mamacin ke lallashin zuciyarsa yana kiranta zuciyar da ya samo daga uwarsa, yana roƙonta kada ta tashi ta ba da shaida a kansa gaban mai tsaron sikeli. Ni wannan wajen yana ba ni dariya kuma yana ba ni tausayi a lokaci ɗaya, mutum bai yarda da zuciyarsa ba ma.

Dodon da ke zaune kusa da sikeli Ammit ce, mace ce, kan kada, gaba na zaki, ƙugu da ƙafafun baya na dorina, wato sun tattaro manyan namun da ke kashe mutum a ƙasarsu suka ɗinke waje ɗaya. Ba a bauta mata, ba ta da wani ɗakin tsafi. In zuciya ta faɗi awo ita za ta haɗiye, mutum ya mutu karo na biyu ya shafe gaba ɗaya kamar ba a taɓa yinsa ba, wannan shafewar ita suka fi tsoro.

Mai dogon baki siriri a lanƙwashe da ke tsaye riƙe da alƙalami da allon tawada Tot ne, kan jinjimi gare shi, shi ne magatakarda mai rubuta sakamako. Wani lokaci kuma yana zuwa a siffar bika, a hoton Ani za ka ga ɗan bika zaune a ƙololuwar sikeli, Tot ne dai har yanzu, ga shi kuma a tsaye a gefe da kan jinjimi yana rubutu. Wannan ba ya damun su ko kaɗan, alla ɗaya ya zo da siffa biyu a waje ɗaya.

Daga nan sai mai kan shaho ya karɓi mamaci, Horus kenan, sau da yawa da kambi mai hawa biyu ja da fari a kansa. Masu kan shaho suna da yawa shi ya sa nan ma sai ka duba sama, in faifan rana ne a kansa toh Ra-Horakti ne allan rana, ba Horus ɗan Isis ba. Inda zai kai shi kuwa shine wajen mai gidan.

Osiris, da yadda ba za ka ruɗa shi da wani ba

Yana zaune a karaga cikin rumfa, jikinsa a naɗe da farin likkafani ƙafafu a haɗe, fuska da hannuwa kore ko baƙi, doguwar farar hula da gashin jimina a kowane gefe, hannuwansa riƙe da sanda mai ƙugiya irin ta makiyayi da wata aba kamar bulala mai reto. Koren na tsiro ne. Labarinsa a taƙaice sarki ne da ɗan'uwansa Set ya kashe ya daddatsa shi ya warwatsa a faɗin ƙasa, marubucin Girka Fulutak ya ce gunduwa 14, matarsa Isis da ƙanwarta Neftis suka bi suka tattaro, Anubis ya naɗe shi, Isis ta samu cikin Horus, shi kuma bai dawo duniya ba sai ya zama sarkin can. Kenan shi ne gawa ta farko da aka naɗe, kowane mamaci kwaikwayonsa yake, har a rubutun ma ba a cewa Ani kawai sai dai Osiris Ani. Babban garinsa Abidos ne. Wanda ake ruɗawa da shi shine Fita na birnin Memfis, shi ma a naɗe yake tsam, amma hularsa mai kama kai ce babu tsayi, gemunsa a miƙe, na Osiris kuwa ya ɗan lanƙwasa a ƙarshe.

Matan nan biyu da ke bayansa kamar tagwaye, sama za ka duba. Mai ƙaramar karaga a ka Isis ce, mai wani abu kamar gini da kwando a samansa Neftis ce, sunayensu ne a rubuce suke ɗauke da su. A jikin akwatin gawa ma za ka gan su, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, su ne masu makoki na asali.

A gaban Osiris kuma akwai furen bado da ya fito daga ruwan da ke ƙarƙashin karagarsa, da wasu ƙanana huɗu tsaye a kai. 'Ya'yan Horus ne, kuma in ka haddace su ka huta don su ne murafen tulunan nan huɗu na ajiye kayan cikin gawa da ke cike gidajen tarihi. Mai kan mutum Imseti, hanta. Mai kan bika Hafi, huhu. Mai kan dila Duwamutef, tumbi, kuma ba Anubis bane don Allah. Mai kan shaho Kebehsenuf, hanji. Ana ciro kayan cikin ne ta gefen hagu a busar da su da kanwa, irin wadda suke ɗebowa daga Wadi Natrun, ita gawar kanta ta yi wajen kwana 40 a cikin kanwar, aikin gaba ɗaya har naɗi kwana 70. A kayan Tutankhamun da Howard Carter ya gano a 1922 akwai akwatin ajiye kayan cikin nan da gumakan mata huɗu masu ruwan zinari suka kewaye da hannuwa a buɗe, Isis, Neftis, Neyit, da Serket mai kunama a ka.

Abun da hoton bai cika nunawa ba sai rubutun shine abun da mamaci ke faɗa, yana cikin babi na 125 na Littafin Matattu. Alƙalai 42 ne, kowanne sai ka kira sunansa da garinsu sannan ka faɗi laifin da ba ka yi ba, sunayen ma abun tsoro, mai faɗin taku, mai karya ƙashi, mai haɗiye inuwa. Akwai manya irin ban yi kisa ba ban yi sata ba, amma waɗanda suka fi burge ni su ne ƙananan, ban tauye mudu ba, ban taɓa ma'aunin sikeli ba, ban ƙwace nono daga bakin yaro ba, ban tare ruwa a lokacin gudunsa ba, ban sa kowa kuka ba. Daga jerin nan kaɗai za ka san manoma ne masu ban ruwa da rigimar kan iyakar gona. Bayan ka gama da alƙalai ma ba ka tsira ba, ƙofar zauren da dokinta da sakatarta har daɓen ƙasa kowanne sai ya ce ba za ka wuce ba sai ka faɗi sunana. Wanda ya haye ana ce masa ma'a-keru, mai muryar gaskiya, in ka ga ana yawan maimaita wasu alamomi biyu bayan sunan mamaci yawanci su ne.

In ka koma hotunan kaburburan sarakuna a Kwarin Sarakuna sai ka ga labarin ya ɗan sauya, can jirgin ruwa ne ya fi yawa. Rana in ta faɗi a yamma Ra ne ya shiga lahirarsu da suke kira Duwat, zai yi awa 12 yana ratsa ta, kuma da dare kan rago gare shi ba shaho ba, a tsaye cikin rumfa tsakiyar jirgi. A awa ta shida ya haɗu da gawar Osiris ya sabunta, a ta bakwai ƙaton maciji Afofis ya tare hanya a daddaure shi a sassare, da asuba ya fito a siffar buzuzu. Bangon kabarin Tutmos na uku yana ɗauke da wannan tafiyar awa bayan awa da zane kamar na 'yan sanduna. Abun mamaki a wasu zanukan wanda ke tsaye a goshin jirgi yana soke macijin da mashi Set ne, shi dai wanda ya kashe Osiris ɗin, mai dogayen kunnuwa masu yankakken kai da hanci a lanƙwashe, don haka kada ka yi saurin raba su gida biyu na kirki da mugaye, ba haka suka tsara abunsu ba. Doguwar macen da ta yi baka a silin kabarin Ramsis na shida tana haɗiye rana da yamma ta haife ta da safe Nut ce, sama kenan, ita ake zanawa a cikin murfin akwatin gawa don ta rufa a kan mamaci.

Tsuntsu mai kan mutum da za ka riƙa gani yana shawagi kan gawa ba alla bane, abun da suke kira "Ba" na mamaci ne, ɓangarensa da ke fita da rana ya dawo da dare, a hoton Ani yana tsaye kusa da sikeli yana kallon awon zuciyarsa. Haka kuma in ka ga Anubis a ƙofar kabari ya tallafe gawa a tsaye ga mata suna kuka ga wani da fatar damisa a kafaɗa ga wasu suna miƙa wani abu kamar gizago zuwa bakin gawar, wannan a duniya ake, bikin buɗe baki ne don mamaci ya iya ci da magana, kuma galibi ana fassara shi da cewa mutum ne ya saka kan dila. Akwai irin wannan kan na yumɓu da ya rage har yau a gidan tarihi na Hildesheim a Jamus, da ramukan ido a ƙarƙashin haɓa.

Ina aka nufa bayan duk wannan wahalar? Gona. Suna ce mata Filin Iyaru, Masar ce dai sak amma babu fari babu yunwa, a kabarin Sennejem ga shi nan da matarsa cikin fararen kayansu na ado yana huɗa da shanu tana bin bayansa tana yafa iri. Da yake manyan mutane ba sa son a tashe su aikin gayya ko a can, sai aka ƙirƙiro 'yan gumakan shabti da fartanya a hannu, an rubuta musu in an kira mai gidanku aiki ku ce ga ni. Daga baya cikakken saiti ya kai 401, ɗaya na kowace rana 365 da shugabannin aiki 36 masu bulala, Tutankhamun shi kaɗai 413 aka samu nasa.

In ka ga ka fara sabawa da na Hunefer sai ka buɗe na Ani ka gwada kanka ba tare da duba bayani ba, za ka tarar da baƙi uku a gefen sikeli, namiji ɗaya Shayi mai rabo, mata biyu Meskenet ta haihuwa da Renenutet ta reno, ga matarsa Tutu a bayansa riƙe da abun kaɗawa. Ka bi takardar har ƙarshenta, za ka ga saniya ta leƙo da kai daga jikin dutse cikin ciyayin fafirus, Hator ce uwar yamma mai tarbar matattu. Masu nazarin rubutun sun lura a wasu sassan takardar sunan Ani da wani hannu daban aka rubuta shi, an riga an shirya shafukan an bar gurbi sai da mai saye ya zo aka cike, a wani wajen an yi kuskuren rubuta sunan, a wani wajen ma an manta ba a saka ba sam.